Waƙar da Ta Ƙare da Jana'izar Abokin Gaba: Martani Kan Iliyad

Kwanakin baya na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya yi a kan Iliyad, tsohuwar waƙar Girkawa da ake jingina wa Homa. Sau biyu na karanta ta, don gudun kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ga maganarsa kamar yadda na fahimce ta. Ya ce waƙar kirarin masu kisan kai ce, tana koya wa matasa cewa ɗaukaka tana bakin mashi, kuma ya kafa hujja da Iskandar na Makidoniya, wanda aka ruwaito yana kwana da ita a ƙarƙashin matashin kansa lokacin da yake cin ƙasashe da yaƙi. Ya ce cike take da gumaka marasa kunya, masu ƙarya da neman matan mutane. Ya ce mata a cikinta ganima ce kawai, ana raba su kamar shanu. Daga ƙarshe ya ce ai duk tatsuniya ce, ba birnin Turoy, ba Homa, don ba mahalukin da zai riƙe baiti dubu goma sha biyar a kansa. Shawararsa ita ce a daina ɓata wa ɗalibanmu na adabi lokaci da ita, tunda jinin da ke zuba a ƙasarmu ma ya ishe mu.

Malam, damuwarka ta ƙarshe ni ma tawa ce. Duk wanda ya taɓa zaman makokin wanda aka kashe ba zai so a riƙa yi wa yara kirarin takobi ba. Amma waƙar da ka siffanta ba ita ce wadda na karanta ba, kuma zan nuna maka dalili daga cikinta.

Ka ambaci dokin katako, ka ambaci ƙona birnin, ka ambaci kibiyar da ta sami Akilis, babban jarumin Girkawa, a dunduniya, duk a matsayin abubuwan da Iliyad take murna da su. Babu ko ɗaya daga cikin ukun nan a Iliyad. Labarin dokin yana cikin Odisi, ɗaya waƙar da ake jingina wa Homa, sannan mawaƙin Rum, Virgil, ya faɗaɗa shi ƙarnoni da yawa daga baya. Fim ɗin Troy na 2004 ne ya tattara su wuri guda a gaban masu kallon zamaninmu. Ita Iliyad, da littattafanta 24 da baitocinta fiye da 15,600, kwana hamsin da 'yan kai kawai ta ɗauko daga shekara ta goma ta yaƙin. Tana farawa an riga an gaji da yaƙin, tana ƙarewa ba wanda ya ci nasara. Ina mai kirarin yaƙin da zai tsallake ranar nasara, ranar da ta fi kowace daɗin kiɗa?

Kalmar farko ta waƙar a harshen Girkanci ita ce fushi, kuma a kan fushin nan aka gina ta tun daga tushe har rufi. Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya riƙe 'yar wani mai hidimar wurin bautar Afolo, uban ya zo da fansa ya kore shi da wulaƙanci. Annoba ta faɗa wa sansanin. Da aka tilasta masa ya mayar da yarinyar, sai ya huce a kan Akilis, ya ƙwace masa Birisiyas, wadda ita ce rabonsa na ganima. Akilis ya zage shi a bainar jama'a, ya koma bukkarsa ya ajiye makamai, har ma ya tura mahaifiyarsa ta roƙa masa Zus, shugaban gumakansu, ya sa a yi ta kashe 'yan'uwansa Girkawa, sai sun gane darajarsa. An biya masa buƙata. Aka yi ta kashe su, har kisan ya kai ga Fatrokulus, mutumin da ya fi ƙauna a duniya. Wato manya biyu ne suka yi rigimar girman kai, talakawan soja suka biya da rayukansu, sannan mai fushin ya tarar wutar da ya kunna ta cinye ɗakinsa. Wannan kake kira kirari?

Dubi yadda waƙar take kashe mutane, don a nan ne mai karatu yake gane inda zuciyar mawaƙi take. A littafi na huɗu akwai wani saurayi, Simoyisiyos, wanda bai yi wani abin a-zo-a-gani ba a fagen daga. Fitowarsa ke nan Ajas, ɗaya daga jaruman Girkawa, ya soke shi a ƙirji. Mawaƙin zai iya wucewa, amma sai ya tsaya ya gaya mana cewa uwar yaron ta haife shi ne a bakin kogin Simoyis, ranar da ta sauko daga dutsen Ida tare da iyayenta don duba garken tumaki, shi ya sa aka raɗa masa sunan kogin. Ya ƙara da cewa yaron bai rayu ya rama wa iyayensa wahalar renonsa ba. Wannan yaron ɗan ɓangaren Turoy ne, abokin gaban Girkawan da ake rera wa waƙar. Haka mawaƙin yake yi sau da dama: wannan sabon ango ne, wancan gidansa a bakin hanya yake yana saukar da baƙi, wancan kuma ubansa tsoho ne da ba shi da wani magaji. Duk wanda ya san kirarin mayaƙa ya san abokin gaba ba shi da uwa a cikinsa, ba shi da tarihi, ƙidaya ce kawai. A Iliyad kuwa sai an sa ka san mutum kafin a kashe shi a gabanka.

A littafi na shida Hekta, babban jarumin Turoy, ya shigo gari daga fagen fama ya iske matarsa Andromaki a kusa da ƙofar birni, mai reno na biye da ita ɗauke da ɗansu. Matar ta tuna masa cewa Akilis ya riga ya kashe mata uba da 'yan'uwa maza bakwai, shi kaɗai ya rage mata. Hekta ya miƙa hannu zai ɗauki yaron, yaron ya tsala ihu ya maƙale wa mai reno, don ya tsorata da kwalkwalin tagulla da gashin dokin da ke kaɗawa a samansa. Uba da uwa suka yi dariya. Hekta ya cire kwalkwalin ya ajiye a ƙasa, sannan ɗansa ya yarda da shi. Na daɗe ban ga hoton da ya fi wannan bayyana abin da yaƙi yake yi wa magidanci ba: ɗan cikinsa bai gane shi ba sai da ya tuɓe kayan yaƙi. Can a littafi na 22, lokacin da Akilis ya fafare shi suka zagaya ganuwa sau uku, mawaƙin ya sake tsayawa ya nuna mana maɓuɓɓugai biyu da kwamin wanki na dutse, inda matan Turoy suke wanke tufafi a zamanin zaman lafiya. Mutum yana gudun ceton rai, ana tuna mana da ranar wanki. Malam, ka yi tuya ka manta da albasa.

Shi kansa Akilis, da ka ce an kafa shi abin koyi, me ya ce game da ɗaukakar? A littafi na tara an tura masa manya uku da tayin dukiya mai yawa don ya dawo fagen daga. Ya ƙi, yana mai cewa shanu da dawakai ana iya sake samunsu, amma rai idan ya fita ba ya dawowa, kuma jarumi da rago kabari ɗaya yake jiransu. A Odisi ma, da aka iske shi a duniyar matattu ana yi masa barka da girman da ya samu, ya nuna gara ya zama ɗan ƙodago a gonar matalauci yana raye da ya zama sarkin matattu duka. Kuma garkuwar da aka ƙera masa a littafi na 18, me aka zana a kanta? Akwai birnin da aka yi wa ƙawanya, gaskiya ne, amma mafi yawanta biki ne, da shari'ar diyya a gaban dattawa, da huɗa, da girbi, da makiyaya, da rawar samari da 'yan mata. Duk abin da yaƙi yake rusawa, shi aka ɗora wa mayaƙin a hannunsa.

Batun Iskandar ba zan musa ba, marubucin tarihi Fulutak ya ruwaito shi. Ba zan kuma ce waƙar ba ta da zaƙin faɗa ba. Akwai wuraren da ƙarar tagulla da ƙurar dawakai suke sa jinin mai karatu ya motsa, kuma mawaƙin da ya ɓoye wannan zaƙin ya yi ƙarya game da ɗan Adam, don da yaƙi ba ya ruɗar samari da ba a samu masu zuwa ba. Amma in za a yi wa littafi hukunci da masu karanta shi, a kira shaidu duka. A 1940, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Faransa, Simone Weil ta fitar da maƙala a kan Iliyad, inda ta nuna cewa jigonta shi ne yadda ƙarfin tuwo yake mayar da mutum kamar kayan da ba rai, wanda aka danne da wanda ya danne duka. A 1994 Jonathan Shay, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi shekaru yana jinyar tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam, ya wallafa littafi yana kwatanta su da Akilis. Ya ga hanya ɗaya suka bi: shugaba ya ci amanar na ƙasa da shi, aboki na ƙut-da-ƙut ya mutu, sai mutum ya haukace da kisa har ya daina jin shi mutum ne. Likita ya sami bayanin ciwon majinyatansa a waƙar da ta haura shekara 2,600. Me ya sa shaidar mai cin ƙasashe za ta rinjayi ta mai jinyar waɗanda yaƙi ya lalata?

Maganar mata kuwa, gaskiyarka, har ma zan ƙara maka hujja. A wasannin makokin Fatrokulus an sa kyautar kokawa: wanda ya yi nasara ya ɗauki babbar tukunya mai ƙafa uku da aka yi wa kuɗi shanu goma sha biyu, wanda aka kayar ya ɗauki mace ƙwararriya a aikin hannu da aka yi wa kuɗi shanu huɗu. Abin yana ƙona rai. Sai dai waƙar ba ta bar matan nan bebaye ba. A littafi na 19 Birisiyas, wadda aka yi ta jayayya a kanta kamar kaya, ta buɗe baki a kan gawar Fatrokulus, sai muka ji ashe a gabanta aka kashe mijinta da 'yan'uwanta uku. Sauran kuyangin suka taya ta kuka, mawaƙin kuma ya gaya mana cewa da sunan mamacin suke yi, amma kowacce baƙin cikinta take kuka. Wanda ya lura da wannan ya san abin da ake yi wa matan. Kuma manyan muryoyin da suka rufe waƙar na mata uku ne: Andromaki, da Hekuba mahaifiyar Hekta, da Helen wadda aka yi yaƙin saboda ita.

Sai gumaka. A nan ka zo a makare da kusan shekara 2,500, don Girkawan da kansu sun riga ka. Zenofanis ya zargi Homa da jingina wa ababen bautarsu sata da zina da yaudara, Aflatun kuma ya ce ba zai bar irin waƙoƙinsa a birnin da yake mafarkin ginawa ba. Su suna da dalilin tsoro, tunda addininsu ne ake magana, yaransu kuma da waƙar suke koyon karatu. Mu fa? Wane ɗalibi ne zai karanta yadda Diyomidis, ɗan Adam, ya yanki Afrodayit a hannu ta ruga wurin uwarta tana kuka, ko yadda Hera ta yi kwalliya ta yaudari Zus har barci ya kwashe shi, sannan ya ji sha'awar bauta musu? A waƙar, su ne marasa nauyi. Suna faɗa da rana su yi walima da dare, don ba abin da za su rasa. Mutuncin duka yana wurin mutanen da suka san za su mutu.

Kuma mu ba baƙin wannan al'amari ba ne. A zaurukanmu na ilimi an daɗe ana karanta waƙoƙin Jahiliyya, su Imru'ul Ƙais da Antara da Zuhairu, waɗanda mutanen da ba su riski Musulunci ba suka yi, cike da giya da hari da ɗaukar fansa. Malamanmu sun karantar da su don sanin harshe da sanin halin mutanen da, kuma tun zamanin Ibn Abbas ake kafa hujja da irin waɗannan baitoci wajen fayyace kalmomi masu wuya. Wa ya taɓa cewa almajirin da ya haddace Mu'allaƙa ya koma bautar Lata? Yaƙin Basus a kan taguwa ya tashi, na Dahis da Gabra'u a kan tseren dawakai, kowannensu ya ci shekaru masu yawa. Wanda ya san waɗannan ba zai yi mamakin rigimar Agamemnon da Akilis ba. Sulaiman al-Bustani, ɗan Labanan, ya ga wannan dangantaka, ya shafe shekaru yana mayar da Iliyad waƙe cikin Larabci, aka buga a Alƙahira a 1904 da doguwar gabatarwa da ke kwatanta ta da waƙoƙin Larabawa.

Zancen tatsuniya ba zan daɗe a kansa ba, don ko da duk ƙirƙira ce hakan bai rage mata komai ba. Amma tunda ka ce babu birnin, to akwai shi, a tudun Hisarlik da ke arewa maso yammacin Turkiyya. Heinrich Schliemann ya fara haƙa wurin a farkon shekarun 1870, kuma garaje ya sa ya yi ɓarna, har zinariyar da ya tono a 1873 ya ce ta Firiyam sarkin Turoy na cikin waƙar ce, alhali ta girmi zamanin da fiye da shekara dubu. Waɗanda suka biyo bayansa sun tabbatar da birane tara, wani a kan wani, ɗaya daga cikinsu wuta ta cinye shi wajen shekara ta 1180 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rubuce-rubucen Hittiyawa sun ambaci wata ƙasa Wilusa, wadda masana da yawa suke ganin ita ce Iliyos, ɗaya sunan Turoy, inda sunan waƙar ya samo asali. Wannan bai tabbatar da Helen ko Akilis ba, amma ya isa ya hana a ce ba a taɓa yin garin ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ne yake shakkar mutum zai iya ɗaukar doguwar waƙa a ka. Turawa ne suka sha wahalar gane wannan, don sun daɗe da rabuwa da mawaƙan baka. Sai da Milman Parry ya tafi Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935 tare da ɗalibinsa Albert Lord, suka naɗi muryoyin mawaƙan ƙauye. A can suka sami Avdo Mededovic, Musulmi wanda bai iya karatu ba, yana goga wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kamar kukumarmu, ya rera musu waƙa ɗaya mai baiti fiye da 12,000. Suka gane cewa mawaƙin baka yana gina waƙarsa ne a lokacin da yake rerawa, da tubalan da ya gada: kirarin da ke manne da kowane suna, da jimlolin da suke cike ma'aunin baiti. Shi ya sa ake kiran Akilis da kirarin saurin ƙafa ko yana zaune. Mu da muka tashi muna jin Narambaɗa da Shata, muka ga yadda waƙa ɗaya take sauya kama daga wannan dandali zuwa wancan, ai mu ya kamata mu yi wa wasu bayanin Homa. Ɗalibinmu yana shiga wannan waƙa da kunnen da ɗalibin Landan ba shi da shi, kai kuma kana neman a rufe masa ƙofa.

Don haka matsayina bai sauya ba: a karantar da Iliyad, a karantar da ita gaba ɗayanta, musamman a ƙasar da ta san zubar jini. In kuma lokaci ya yi maka ƙaranci, Malam, ka karanta littafi na 24 kawai.

Kafin wannan littafin, Akilis ya kashe Hekta, ya huda masa agara, ya ɗaure shi a bayan keken doki ya ja shi a ƙasa a gaban iyayensa. Ya yanka samarin Turoy goma sha biyu a kan itacen ƙona gawar abokinsa. Kullum da asuba sai ya sake jan gawar ya zagaya kabarin, amma zuciyarsa ba ta yi sanyi ba, barci ma ya gagare shi. Sai ga Firiyam, tsohon sarki mahaifin Hekta, ya ɗora fansa a keken alfadarai, ya ratsa sansanin abokan gaba cikin dare da wani dattijo guda. Ya shiga bukkar, ya durƙusa, ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa 'ya'ya, ya roƙi Akilis ya tuna da nasa uban, wanda shi ma tsoho ne yana can gida yana jiran ɗa. Su biyun suka fashe da kuka, tsohon yana kukan Hekta, saurayin yana kukan mahaifinsa da Fatrokulus. Akilis ya kama hannunsa ya tashe shi. Ya sa kuyangi su wanke gawar su shafe ta da mai a inda uban ba zai gani ba, don yana tsoron kada tsohon ya ga halin da take ciki ya harzuƙa, shi kuma fushinsa ya dawo ya kashe baƙonsa. Ya san kansa, bai zama waliyyi dare ɗaya ba. Daga cikin kayan fansar ya bar mayafai biyu da riga don a lulluɓe mamacin, kuma shi da hannunsa ya ɗaga gawar ya ɗora a makara. Sannan ya yanka tunkiya suka ci tare, abincin farko da ya shiga bakin tsohon tun ranar da ɗansa ya mutu.

Kafin su kwanta Akilis ya tambaye shi kwana nawa yake buƙata don jana'iza. Firiyam ya ce tara na makoki, na goma a yi sutura, na sha ɗaya a tayar da kabari, na sha biyu a koma yaƙi in ya zama dole. Akilis ya riƙe masa wuyan hannu ya ce ya ba shi. Mutanen Turoy suka fita ɗebo itace ba mai tare su, suka yi wa Hekta abin da al'adarsu ta tanada, suka tattara ƙasusuwansa a akwatin zinariya, suka binne, suka sa masu gadi ko da Girkawa za su kawo hari kafin wa'adi. A nan mawaƙin Girkawa ya ajiye waƙarsa, a bakin kabarin mutumin da ya fi kowa kashe Girkawa.